Ma' Rosa da daraktansa: ta yaya mai nuna zaluncin 'yan sanda ya goyi bayan Duterte?

Abubakar, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka riga ni sanin finafinan ƙasar Filifin, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na kalli fim ɗin Ma' Rosa na darakta Brillante Mendoza, wanda ya fito a 2016, kuma rabon da fim ya hana ni barci irin haka har na manta. Labarin wata mata ce mai 'yar tireda a lungun talakawa a Manila, tana sayar da alewa da kayan masarufi, amma a ƙarƙashin wannan tana sayar da ƙwayar da suke kira shabu domin cinikin tiredar ba ya ciyar da gidan. 'Yan sanda suka kama ta tare da mijinta a wani dare da ake ruwa, suka shigar da su ta ƙofar baya ta caji ofis ba tare da an rubuta sunansu a ko'ina ba, sannan suka yanka musu kuɗin da za su biya a sake su. Sauran fim ɗin duka 'ya'yanta ne ke yawo a gari suna haɗa kuɗin: wannan ya ɗauki talabijin ɗin gida zai sayar, wannan ta bi dangi tana roƙo ana yi mata gori, ƙaramin kuma ya sayar da mutuncinsa ga wani babban mutum. A ƙarshe uwar ta jinginar da wayar 'yarta, ta tsaya a bakin titi tana cin wani abin tsinke mai kama da tsire, hawaye na zuba, fim ya ƙare.

Na fito daga kallon da yaƙinin cewa wanda ya shirya wannan aiki mutum ne da ke tare da talaka, kuma ba ya ga-maciji da duk mai amfani da kaki yana cutar jama'a. Sai da na bincika na tarar cewa shi ne ya jagoranci ɗaukar jawabin shekara na shugaban ƙasar na lokacin, Rodrigo Duterte, a majalisa har sau biyu, a 2016 da 2017, kuma ya fito fili ya ce yaƙin da Duterte ya ƙaddamar a kan miyagun ƙwayoyi abu ne da ƙasarsu ke bukata. Wannan yaƙi kuwa irin 'yan sandan da ya nuna a fim ɗinsa aka danƙa wa shi, kuma irin su Rosa ne suka mutu a cikinsa. Tambayata ita ce: mutumin sauya sheƙa ya yi bayan ya samu shiga fada, ko kuwa ni ne ban fahimci fim ɗin ba tun farko? Sannan ya kamata ra'ayinsa na siyasa ya rage darajar aikin a idona?

Malam Lawal, Daura

Wa alaikumus salam, Malam Abubakar. Kafin ka yanke wa Mendoza hukunci, ina ganin zai taimaka maka ka san wanda ya share hanyar da yake bi, wato Lino Brocka, domin idan ka jera su biyun za ka ga amsar tambayarka ta farko da idonka.

Brocka ya yi manyan ayyukansa ne a zamanin Ferdinand Marcos, wanda ya ƙaƙaba dokar soja a 1972 kuma bai bar mulki ba sai da jama'a suka kore shi a 1986. A 1975 ya fitar da Maynila sa mga Kuko ng Liwanag, labarin wani saurayi masunci da ya baro ƙauye ya shigo Manila yana neman budurwarsa da aka yaudara da alkawarin aiki, shi kuma ya ɓige da leburanci a wurin gini inda shugaban ma'aikata ke zaftare musu lada. A 1976 ya yi Insiang a unguwar Tondo, ɗaya daga cikin unguwannin da talauci ya fi yi wa katutu a birnin, kuma shi ne fim ɗin Filifin na farko da aka nuna a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa, a 1978. Ka tuna cewa a daidai wannan lokaci uwargidan shugaban ƙasa, Imelda Marcos, tana kashe dukiya wajen ƙawata Manila domin baƙi, har ana kafa katanga a rufe unguwannin marasa galihu kada manyan baƙi su gani. Saboda haka ɗora kyamara a kan kwata da bola a wancan zamani tsokanar masu mulki ce kai tsaye, kuma Brocka ya san da haka.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne, Brocka ba ya barin mai kallo ya tashi bai san wanda ke cin moriyar wahalar da ya gani ba. A fim ɗinsa Bayan Ko na 1984, ma'aikacin maɗaba'a ne matarsa ke da ciki mai laulayi, maigidansa ya ba shi bashi bisa sharaɗin ya sa hannu cewa ba zai shiga ƙungiyar ƙwadago ba, daga nan yajin aiki ya zo ya same shi tsakanin abokan aikinsa da kuɗin asibiti. Kana gani ka san akwai mai kamfani, akwai dokar da ta tsaya masa, akwai gwamnatin da ta yi dokar. Gwamnatin Marcos ta hana nuna shi a gida na wani lokaci, sai da aka fitar da shi a ɓoye zuwa Faransa. Shi kansa Brocka ya kafa ƙungiyar masu fasaha masu adawa da takunkumin gwamnati a 1983, an kama shi a 1985 saboda ya shiga yajin aikin direbobin motocin haya, kuma da Corazon Aquino ta hau mulki ta sa shi a kwamitin rubuta tsarin mulki a 1986, ya fice daga kwamitin, sannan a 1989 ya yi Orapronobis yana tona asirin 'yan banga da ke kashe mutane a ƙarƙashin sabuwar gwamnatin. Ya rasu a haɗarin mota a 1991.

To, koma ka sake kallon Ma' Rosa ka tambayi kanka: wane ne babba mafi girma da ka gani a cikinsa? Ba ka wuce 'yan sandan ɗakin baya da wani jami'i da ake tura wa saƙo ba. Kyamarar Mendoza a kafaɗa take, tana bin mutum a baya cikin lungu, tana rawa, tana shiga ruwa da taɓo, amma ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi bene. Tana nuna maka cewa komai ya ruɓe, mai sayarwa da mai kamawa duk kanwar ja ce, ba ta kuma gaya maka yadda aka yi aka zo nan. Mutumin da ya tashi daga irin wannan kallo zai iya cewa a gyara tsari, zai kuma iya cewa a kawo mai bulala ya share kowa. Ni a ganina Mendoza bai sauya sheƙa ba, ya zaɓi ta biyun ne, kuma fim ɗin bai taɓa yi maka alkawarin ta farkon ba. Kai ne ka shigar da ita da kyakkyawar zuciyarka.

Hajiya Rabi, Sabuwar Unguwa, Katsina

Malam Lawal, Allah ya ƙara sani, amma ina ganin ka matsa wa Mendoza da yawa, kuma ka auna shi da mudun da ba nasa ba. Ni uwa ce, kuma shekarun da na yi ina aikin jinya sun nuna mini abin da ƙwaya ke yi wa gida. Kafin gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, mu nan mun ga 'yan mata da matan aure da samari da suka lalace a kansa, kuma har gobe akwai unguwannin da idan magariba ta yi mace ba ta iya wucewa saboda ƙauraye da suka sha suka yi tatul. Idan ka zauna da uwar da ɗanta ya sace mata tukunya da atamfa ya sayar ya sayi ƙwaya, ba za ta yi maka maganar tsarin tattalin arziki ba, za ta ce a kawo wanda zai yi maganin abin ko ta halin ƙaƙa. Mutanen Filifin da suka zaɓi Duterte a watan Mayun 2016 ba mahaukata ba ne, da yawansu talakawan lungunan nan ne da suka gaji, kuma sun ji labarin yadda ya riƙe birnin Davao shekaru da dama yana magajin gari. Ban ce sun yi daidai ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Mendoza ya daɗe yana shiga waɗannan ɗakuna.

Sannan ban yarda cewa duk aikinsa nuna ruɓewa ne kawai ba. Ka nemi Lola na 2009, wanda ma'anar sunansa kaka. Tsofaffi biyu ne, jikan ɗaya aka kashe a kan wayar hannu, jikan ɗayar kuma shi ake zargi da kisan. Ɗaya tana yawo cikin ruwan sama da ambaliya tana neman kuɗin akwatin gawa da jana'iza, ɗayar tana tara na fitar da nata daga kurkuku, har a ƙarshe suka zauna a teburi guda suka yi sulhu a kan kuɗi, suna hirar ciwon gaɓoɓi irin na tsufa. Wanda bai san talauci ba zai ce an sayar da jini, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda dangi ke zama a zaure a sasanta magana saboda ba mai ƙarfin zirga-zirgar kotu, zai gane cewa darakta ya san abin da yake faɗa, kuma bai raina matan nan ba ko kaɗan.

Akwai kuma Sinapupunan na 2012, wanda na tabbata zai taɓa duk wata Bahaushiya. An ɗauke shi a tsibiran Tawi-Tawi da ke kudancin ƙasar, a cikin Musulmi 'yan ƙabilar Bajau masu gina gidaje a kan ruwa. Fitacciyar jarumarsu Nora Aunor ta fito a matsayin ungozoma wadda ta karɓi haihuwar mata da yawa amma ita Allah bai ba ta ba, sai ta tashi da kanta tana nema wa mijinta mata ta biyu, tana taya shi tara sadaki. Ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika, kuma finafinansu sun saba nuna Musulmin kudu da bindiga, samun wanda zai zauna ya nuna aurensu da sana'arsu da ibadarsu cikin natsuwa ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka, Abubakar ɗana, amsata ga tambayarka ta biyu ita ce kada ka zubar da aikin. Hawayen Jaclyn Jose, wadda ta fito a matsayin Rosa, a ƙarshen Ma' Rosa, wanda ya sa ta zama 'yar Filifin ta farko da ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a Cannes, ba Duterte ne ya rubuta shi ba, kuma an gama fim ɗin tun kafin a rantsar da shi.

Barista Nura, Katsina

Hajiya, ina girmama abin da kika gani a wurin aiki, kuma na yarda da ke a kan Lola. Inda zan saɓa miki shi ne batun raba aikin da siyasar mai shi, domin a wannan karon shi da kansa ne ya haɗa su.

Bari mu fara da abin da yaƙin ya kasance. Sunan shirin 'yan sandan Tokhang, kalmar da aka haɗa daga ƙwanƙwasa ƙofa da kuma roƙo, wato a je gidan wanda ake zargi a lallashe shi ya miƙa wuya. A aikace, alƙaluman gwamnatin kanta sun amsa cewa an kashe mutum fiye da 6,000 a samamen jami'ai tsakanin 2016 da 2022, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suna cewa adadin zai iya kaiwa 30,000 idan aka haɗa da waɗanda 'yan bindiga a kan babura suka harbe, aka bar gawarsu da kwali an rubuta cewa dillalin ƙwaya ne. Kusan kowane rahoton 'yan sanda kalma ɗaya yake maimaitawa, nanlaban, ma'ana ya yi turjiya. A watan Agustan 2017 aka kashe wani ɗalibi ɗan shekara 17, Kian delos Santos, a birnin Caloocan da ke maƙwabtaka da Manila, aka ce shi ma ya yi turjiya, sai kyamarar tsaro ta unguwa ta nuna ana jan sa zuwa lungu. A 2018 kotu ta samu 'yan sanda uku da laifin kisansa. A watan Maris na 2025 an kama Duterte a Manila aka kai shi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague bisa tuhumar cin zarafin bil'adama.

Yanzu ku duba lokacin da Mendoza ya yi abin da ya yi. Jawabin 2016 za a iya yi masa uzuri, domin gwamnati ba ta cika wata guda ba. Amma ya koma ya ɗauki na 2017 bayan gawarwaki sun cika jaridu, sannan a 2018 ya fitar da shiri mai dogon zango mai suna Amo, ma'ana ubangida, wanda Netflix ta ɗauka, a kan wani ɗalibin sakandare da ke sayar da shabu. Iyalan waɗanda aka kashe da masu kare haƙƙi sun nemi a janye shi. Gaskiya ne shirin ya nuna gurɓatattun 'yan sanda, kuma shi ya musanta cewa farfaganda yake yi. Sai dai salon da ya yi suna da shi, na sa mai kallo ya ji kamar labarai yake gani ba shiri ba, a nan ya zama makami, domin idan ka nuna wa duniya da wannan salo cewa waɗanda ake harbewa dillalai ne masu riƙe da bindiga, ka ba rahoton nanlaban shaidar da ba shi da ita a kotu. Ko a ɗaukar jawabin 2016 mutane sun yi ta magana a kan yadda ya riƙa kafa kyamara daga ƙasa tana kallon shugaban sama, yana matso da fuskarsa da hannuwansa. Darakta irinsa ya san abin da kusurwar kyamara ke yi wa mutum, ba kuskure ba ne.

Akwai kuma wata tsohuwar suka da 'yan ƙasarsa suka daɗe suna yi masa, cewa yana tallan talaucinsu ga Turawan bukukuwan finafinai. Kinatay, wanda ya ba shi kyautar gwarzon darakta a Cannes a 2009, wani dogon sashensa a cikin mota mai duhu aka yi shi, ana tafiya da wata mata da za a kashe a daddatsa saboda bashin ƙwaya, kuma shahararren mai sharhin nan na Amurka Roger Ebert ya ce bai taɓa ganin fim mafi muni a tarihin bikin ba. Ni ban ɗauki wannan suka da nauyi sosai ba, domin ita ce dai Imelda ta yi wa Brocka da wasu kalmomi, kuma mu ma nan duk wanda ya nuna almajiri ko bola a fim sai a ce ya tona mana asiri. Abin da ya dame ni ya fi wannan: mutum ya shafe shekara goma yana nuna cewa ɗan sandan Manila zai iya sace ka ya nemi fansa, sannan ya amince a ba wannan ɗan sanda izinin kisa ba tare da alƙali ba. Kuma ba za a ce zamanin ne ya tilasta masa ba, tunda darakta Lav Diaz, wanda ya ci babbar kyautar bikin Venice a 2016, a ƙasar yake, kuma bai ɓoye adawarsa da Duterte ba.

Malam Lawal, Daura

Hajiya Rabi ta yi mini gyara mai kyau a kan Lola da Sinapupunan, na karɓa, domin a waɗannan biyun akwai tausayi da sanin darajar mutum wanda maganata ta farko ba ta ba shi haƙƙinsa ba. Amma ki lura, Hajiya, ko a cikinsu babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa kaka mai shekaru irin waɗannan za ta bi ofis-ofis tana roƙon kuɗin binne jikanta. Mutanensa suna haƙuri, suna dabara, suna tsira da abin da ya samu, ba sa taɓa haɗa kai su ce a'a. Na Brocka kuwa, ko da sun ƙare a mutuwa, akwai ƙungiya ko zanga-zanga da ke wucewa a bayansu, wadda ke nuna cewa wata hanya tana nan ko da jarumin bai bi ta ba. Wanda ya yi imani talaka ba zai iya ceton kansa ba, ba abin mamaki ba ne idan ya zauna jiran wani ƙaƙƙarfa ya zo ya yi masa.

Abubakar, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Malam Lawal, da Hajiya, da Barista. Daren jiya na sake kallon Ma' Rosa da maganganunku a raina, sai na lura da abin da ya wuce ni a karon farko: Rosa ba ta tsira ba sai da ta ba da sunan wanda ke kawo mata kaya, aka kamo shi aka yi masa dukan kawo wuƙa a gabanta, kuma ita ma wani yaron unguwa da ta sani ne ya nuna ta domin a saki nasa. Kowa a fim ɗin wanda ke kusa da shi yake miƙawa, ba wanda ya ambaci sunan na sama. Duk da haka, Hajiya, da aka zo wurin da take tsaye a bakin titi tana kallon wasu iyali suna rufe 'yar rumfarsu, sai da idona ya sake kawo ruwa, ban kuma ji cewa an yaudare ni ba. Ban kalli Amo ba tukuna, kuma ba na jin zan fara da shi. Malam Lawal, na ji an gyara tsofaffin kwafin Insiang da Maynila an sake fitar da su da hoto mai kyau. Da wanne kake ganin ya fi dacewa in fara, kuma akwai wanda za a iya kallo tare da ƙannena, ko duka sai manya?